Kafin Babba Ya Koma Filin Rawa, Ya Fara Shirya Ƙafarsa

Wannan bayani na rubuta shi ne domin 'yan'uwanmu maza da mata na Garwa da Marwa da Ngaundare, har zuwa Kusiri da Injamena, waɗanda suka koyi rawar bale (rawar Turai ta ɗage a kan yatsu da tsalle) a ƙuruciya, ko a makaranta ko lokacin da karatu ya kai su Yawunde ko Duwala ko Faransa, sannan aure da haihuwa da neman abinci suka raba su da ita shekara goma ko ashirin, yanzu kuma sha'awar komawa ta taso musu. Na san ba su da yawa a cikinmu, amma maganar ta shafi 'yan ƙungiyoyin rawar gargajiya su ma, waɗanda kan shekara ba su taka ba sai bikin matasa na 11 ga Fabrairu ko bikin ƙasar Kamaru na 20 ga Mayu ya matso, a tara su a yi ta atisaye ba ji ba gani. A matsayina na ma'aikacin lafiya mai aikin motsa gaɓoɓi, ina goyon bayan wannan komawa, domin rawa tana taimakon zuciya, tana rage ƙiba, tana kuma hana mutum yawan faɗuwa idan girma ya zo. Abin da yake damuna shi ne gaggawar da ake yi.

Wanda ya taɓa iya rawa ba ya mantawa da ita. Da zarar kiɗa ya tashi, kansa zai tuna kowane taku, ya umurci ƙafa ta yi abin da ta saba yi tana da shekara goma sha biyar, alhali ƙafar ta daɗe da canzawa. Numfashi da tsoka suna farfaɗowa cikin 'yan makonni, shi ya sa mutum kan ji ƙarfi ya dawo masa tun a wata na farko, amma jijiyoyin da suke ɗaure tsoka da ƙashi, da shi kansa ƙashin, ba sa ƙarfafa sai an yi watanni ana ɗora musu nauyi kaɗan-kaɗan. Tsakanin lokacin da mutum ya ji ya dawo da lokacin da jijiya ta shirya da gaske, nan ne ake yawan jin ciwo. Don haka shawarata ita ce a bai wa ƙafa wata uku na shiri kafin a fara tsalle mai ƙarfi, ko da jiki yana cewa zai iya.

A kowace ƙafa akwai ƙashi 26 da gaɓa 33, tare da tsoka da jijiyoyi fiye da ɗari. Ƙasusuwan sun lanƙwasa kamar baka, wata jijiya mai faɗi kuma ta miƙe a tafin ƙafa daga diddige zuwa gindin yatsu kamar tsirkiya, ita take riƙe lanƙwasar idan nauyi ya sauka. Ta baya kuma akwai agara, wadda ta haɗa tsokar sha-raɓa da diddige, kuma babu jijiyar da ta fi ta ƙarfi a jikin ɗan Adam. Rawar bale tana neman abu mai yawa daga waɗannan biyun. Tun da Sarki Luwis na 14 na Faransa ya kafa makarantar rawa a Paris a 1661, aka kuma daidaita tsayuwar ƙafa iri biyar da ake koyarwa har yau, ginshiƙin wannan rawa shi ne buɗe ƙafafu waje, da ɗage a kan yatsu, da tsalle a dira ba ƙara. Kowace dira tana sauke wa ƙafa ninkin nauyin jiki sau da dama. Buɗe ƙafafun nan kuwa daga ƙugu ya kamata ya fito. Babban da ƙugunsa ya sandare saboda zaman ofis ko zaman babur, idan ya tilasta wa tafin ƙafa ya buɗe fiye da abin da ƙugu ya yarda, sai ƙafar ta kife ciki, nauyi ya koma kan babban yatsa da gwiwa. Gara a buɗe kaɗan a tsaya daidai.

Shekarun da aka yi ba a rawa sun bar alamarsu. Daga shekara talatin tsoka takan fara raguwa a hankali ga wanda ba ya motsa jiki, nauyi kuma sau da yawa ya ƙaru. Mace da ta haihu za ta iya tarar da ƙafarta ta ƙara tsawo ko faɗi, saboda juna biyu yana sassauta jijiyoyi, kuma ba lallai ne ƙafar ta koma yadda take ba. Saboda haka tsohon takalmin rawa da aka adana a akwati ba abin dogaro ba ne. A sake auna ƙafa da yamma, lokacin da ta ɗan kumbura, a tsaye ba a zaune ba.

Akwai waɗanda bai kamata su fara komai ba sai sun je asibiti. Na farko mai ciwon suga, domin cutar tana kashe jin ƙafa a hankali, har bororo ya fashe a cikin takalmi mutum bai sani ba, ya zama gyambo. Wanda ya haura shekara arba'in ya auna sugansa da hawan jininsa ko da yana jin lafiya ƙalau. Mai sikila shi ma ya nemi shawarar likitansa, saboda ƙaramin rauni kusa da idon sawu yana iya daɗewa bai warke ba. Sai kuma maganar magunguna, wadda nake roƙon a saurara da kyau, tun da a nan ana sayen ƙwaya a kan tebur a kasuwa ba tare da takardar likita ba. Ciprofloxacin da 'yan'uwansa, waɗanda ake yawan sha da sunan taifot, suna iya raunana agara har ta tsinke, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta sa babban gargaɗi a kansu tun 2008. Haɗarin yana ƙaruwa idan an haɗa da irin su dexamethasone, wanda wasu suke sha don su yi ƙiba. Wanda yake kan waɗannan, ko bai daɗe da gama su ba, kada ya yi tsalle. Tramol kuwa ba ya warkar da komai a ƙafa, yana rufe zafin ne kawai mutum ya ci gaba da takawa a kan abin da yake lalacewa.

Shirin kansa ba ya bukatar kuɗi. Babban aikin shi ne ɗage: mutum ya tsaya ba takalmi, ya dafa bango ko bayan kujera da yatsun hannu, ya ɗaga diddige biyu a hankali har iyakar inda za su kai, ya ɗan dakata, sannan ya sauko yana ƙirga uku. Saukowar a hankali ita ce mai gina agara, don haka kada a saki jiki ya faɗo. Idan kana sama, duba ƙafarka: nauyi ya zauna tsakanin babban yatsa da mai bi masa, idon sawu ya miƙe, kada ya karkata waje zuwa ƙaramin yatsa, domin wannan karkatar ita ce hanyar targaɗe. Yatsu su kwanta a shimfiɗe, kada su ƙanƙame ƙasa. A yi sau goma zuwa goma sha biyar, a huta, a maimaita har zagaye uku, rana ɗaya a yi rana ɗaya a bari. Idan ya zama da sauƙi sai a koma ƙafa ɗaya. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne su iya ɗage sau ashirin zuwa ashirin da biyar a jere a kan kowace ƙafa, tsayin bai ragu ba kuma babu zafi, kafin a yi zancen tsalle. Da yawa za su tarar ƙafa ɗaya ta fi ɗaya rauni sosai, musamman wadda ta taɓa targaɗe. Ita za a fi bai wa lokaci.

Ƙananan tsokokin da suke cikin tafin ƙafa su ma suna da nasu aikin. Ka zauna, ƙafa a ƙasa, ka ɗaga babban yatsa shi kaɗai sauran huɗun suna kwance, sannan ka danne shi ka ɗaga huɗun. Ranar farko yatsun za su ƙi jin magana, wasu har hannunsu yakan motsa maimakon ƙafar, amma da naci sai su fara rabuwa. Bayan haka ka jawo gindin babban yatsa zuwa wajen diddige ba tare da naɗe yatsu ba, har tsakiyar tafin ya ɗago daga ƙasa, ka riƙe daƙiƙa biyar. Tsohuwar robar cikin tayar keke, idan aka yanka ta a tsaye, ta isa a rataya a ƙafa a riƙa tura ta ciki da waje don ƙarfafa gefen idon sawu. A ƙara da tsayuwa kan ƙafa ɗaya na daƙiƙa talatin, da farko ido a buɗe, daga baya a rufe, kusa da abin dafawa. Miƙar da sha-raɓa kuma a yi ta bayan jiki ya yi ɗumi, sau ɗaya gwiwa a miƙe, sau ɗaya a ɗan lanƙwashe, domin tsokoki biyu ne a wurin. Tafiya a yashin Binuwai da rani tana da amfani, sai dai yashi yana gajiyar da agara fiye da yadda ake zato, a fara da minti goma.

Daɓen da ake rawa a kansa yana da muhimmanci ƙwarai. Ɗakunan rawa na ainihi suna da daɓen katako mai ɗan lotsawa wanda yake shanye dira, mu kuwa yawanci siminti ko tayil muke da shi, kuma ba sa rangwame ko kaɗan. A kan siminti a yi aikin dafa sanda da na daidaita tsayuwa, a rage tsalle, ko a koma kan daɓen ƙasa mai laushi da aka share tsakuwa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake wuce digiri 40, atisaye ya zama da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da ruwan sha a kusa, domin gajiyayyen jiki shi ne yake dira a karkace.

Ba kowane ciwo ne abin tsoro ba. Tsamin jiki da yake zuwa washegari a tsoka, ya wuce cikin kwana biyu ko uku, alama ce ta aiki. Wanda ya kamata a kula da shi shi ne zafin da yake wuri ɗaya. Idan diddige yana suka a takun farko da asuba, ya lafa bayan an ɗan zagaya, jijiyar tafin ƙafa ce ta gaji, kuma tana bukatar a rage nauyi da wuri, in ba haka ba takan ja watanni. Idan agara ta yi tauri da safe ko ta yi kauri a wuri ɗaya, a daina tsalle. Idan kuma bayan ƙafa, wato samanta, yana ciwo a daidai inda yatsa ɗaya zai iya nunawa, musamman a kan ƙashin da yake bayan yatsa na biyu, yana ƙaruwa da taku, har da ɗan kumburi, to ana zargin tsagewar ƙashi ta gajiya, wadda ta yi yawa a tsakanin masu rawar bale. Hoton ƙashi na iya fitowa lafiya a makonni biyun farko alhali tsagar tana nan, saboda haka kada a ce tun da hoto bai nuna ba sai a koma fili. Warkewarta kan ɗauki mako shida zuwa takwas. Wanda kuma ya ji kamar an harbe shi ta baya a diddige, ya waiga bai ga kowa ba, ya kasa ɗage, wannan ya tafi asibiti a ranar, domin alamar tsinkewar agara ke nan.

Targaɗen idon sawu shi ne raunin da ya fi yawa. Al'adarmu ita ce a gasa da ruwan zafi a murza, ko a kai wa mai ɗori ya ja. Ina girmama masu wannan sana'a, amma a kwana biyu zuwa uku na farko zafi da murza suna ƙara kumburi ne. Abin yi shi ne a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti goma sha biyar zuwa ashirin, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar a kan matashi. Idan mutum ya kasa yin taku huɗu a kanta, ko ƙashin gefen ƙafa na wajen ƙaramin yatsa yana zafi idan an taɓa, a ɗauki hoto kafin kowa ya ja. Bayan kumburi ya sauka a koma atisayen tsayuwa kan ƙafa ɗaya, domin idon sawun da ba a sake horar da shi ba yakan sake gurɗewa.

Fata da farce ba sa bukatar dogon bayani. Da hunturu a shafa man kaɗe a diddige da dare don hana kaushi da faso, amma kada a sa tsakanin yatsu. Wurin nan bushewa yake so, a tsane shi bayan alwala kafin a sa safa. A yanke farce a miƙe, kada a bi kusurwa, kuma kowa da abin yankansa, saboda cutar hanta tana bin reza. Kantar ƙafa, wato fatar da ta yi tauri, kariya ce ga mai rawa, a goge ta kaɗan da dutse, kada a fere ta. Ga 'yan'uwa mata, lalle yana ɓoye launin farce, don haka a riƙa dannawa a ji ko akwai zafi a ƙarƙashi.

Saura takalmin tsayuwa a kan ƙarshen yatsu, wanda ya shahara tun rawar da fitacciyar 'yar bale Marie Taglioni ta yi a Paris a 1832, kuma shi ne burin mata da yawa masu komawa. Babbar mace tana iya komawa gare shi, amma bayan ta daɗe tana zuwa darasi a kai a kai da takalmi mai laushi, ta cika ma'aunin ɗagen da na ambata, kuma malamar da ta san aikin ta duba ta ta amince. Kada a saye shi a gwanjo, domin wanda aka taɓa sawa ya riga ya karye daidai da ƙafar wata, kada kuma a yi odarsa ta intanet da lambar takalmin fita, sai an gwada. Mai ciwon suga da jin ƙafarta ya ragu, da wadda likita ya ce ƙashinta ya yi rauni, su tsaya a takalmi mai laushi, su yi ɗagensu a kan gindin yatsu.