Daga Aikatau Zuwa Waƙar Neman 'Yanci: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rayuwar Oodgeroo Noonuccal

Idan aka ce wance marubuciyar waƙa ce kuma 'yar gwagwarmaya, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne dandamali da lasifika da tafi. Ba a cika tambayar wa ke biyan kuɗin haya ba, ko wa ke liƙa kan sarki a wasiƙu. Waɗannan tambayoyin sun bi rayuwar Oodgeroo Noonuccal, mace ɗaya daga 'yan asalin ƙasar Ostareliya, waɗanda ake kira Aborijin, don a ga yadda ranakunta suke tafiya.

Wace ce ita, kuma me ya sa ake jin ta da suna biyu?

An haife ta ranar 3 ga Nuwamba 1920 a tsibirin Stradbroke ta Arewa, daura da birnin Brisbane a jihar Queensland. Mutanenta, ƙabilar Noonuccal, Minjerribah suke kiran tsibirin. Sunan yankanta Kathleen Ruska, aure ya mayar da ita Kath Walker, kuma da wannan sunan duniya ta fara saninta. Sai a 1988, tana da shekara 67, ta ɗauki sunan Oodgeroo, sunan wata bishiya mai ɓawo kamar takarda, ta haɗa da sunan ƙabilarta.

Yaya ƙuruciyarta ta kasance?

Gida ne na talakawa, amma teku na kusa. Mahaifinta lebura ne, albashinsa ba ya kai wata, saboda haka yaran suka taso suna kamun kifi, suna tsintar kawa, suna farautar ƙananan dabbobi. Manya kuwa har wata dabbar ruwa dangin ayu suke kamawa. Dokar uban ɗaya ce: ba a kashe abin da ba za a ci ba. Wata mesa ma tana zaune a gidan ba mai taɓa ta, domin ita ce alamar zuriyar uban, ko da yake uwar gidan ba ta taɓa yafe mata kajin da take haɗiyewa ba. Oodgeroo ta ba da wannan labari da kanta, cikin raha.

Makaranta ba ta yi mata daɗi ba. Bahaguwa ce, ana ta dukan hannunta don ta koma rubutu da dama. A 1933, tana da shekara 13, ta bar aji ta haye Brisbane aikatau, ana biyanta sule biyu da sisi a mako. Ta so ta koyi aikin jinya, aka hana ta saboda launin fata.

To da me take ciyar da kanta? Waƙa ce?

A'a, kuma a nan ne ya kamata a tsaya. Littafinta na farko bai fito ba sai tana da shekara 43. Duk shekarun da suka gabata aikin ƙarfi ne. A 1942, bayan sojojin Japan sun kama 'yan'uwanta maza biyu a Singafo, ta shiga rundunar mata ta sojan Ostareliya, aka sa ta a sashen sadarwa tana haɗa layukan tarho, har ciwon kunne ya sa aka sallame ta. Ta auri Bruce Walker, ɗan dambe, auren bai yi ƙarko ba. Ta koma share gidajen Turawa, tana karɓar wanki da guga, tana renon 'ya'yanta maza biyu, Denis da Vivian, ita kaɗai.

Daga baya ta sami gurbin karatun da ake ba tsofaffin sojoji, ta koyi buga tafireta da aikin sakatariya. A ganina wannan kwas ɗin ya yi wa gwagwarmayarta amfani ba kaɗan ba, domin ƙungiya ba ta tafiya sai da mai rubuta bayanin taro, mai amsa wasiƙa, mai riƙe sunayen mambobi. Wanda ya taɓa zama sakataren ko da ƙungiyar unguwa ce ya san cewa shugaba na shan tafi, sakatare na shan wahala.

Shi aikin haɗa kan jama'ar, mene ne a zahiri?

Sai an fara sanin halin da ake ciki. Tun 1897 Queensland take da wata doka da ta danƙa rayuwar 'yan asalin ƙasa a hannun jami'an da ake kira masu kare su. Jami'i na iya kwashe mutum ya kai shi sansani, ya riƙe albashinsa a asusun da ba zai taɓa ba sai da izini, ya hana shi aure. An raba yara da yawa da iyayensu.

A farkon shekarun 1960 Kath Walker ta zama sakatariyar reshen Queensland na babbar majalisar neman ci gaban 'yan asalin ƙasa, wadda aka fi sani da FCAATSI. Aikin sa kai ne. Yau tana zauren coci tana jawabi, gobe ofishin ƙungiyar ƙwadago tana neman gudummawa, jibi ta kafa tebur a bakin titi tana roƙon masu wucewa su sa hannu a takardar koke. A 1962 ta zaga ƙasar kan wannan koke na neman gyaran tsarin mulki, kuma ita da abokan tafiyarta irin su Faith Bandler suka tara sa hannu fiye da 100,000.

Baki gare ta, ba ta kuma jin nauyin manya. Lokacin da tawagarsu ta gana da Firayim Minista Robert Menzies, ya miƙa mata giya irin ta karɓar baƙi. Sai ta shaida masa cewa da a Queensland ya yi haka, doka za ta iya ɗaure shi, don haramun ne a ba ɗan asalin ƙasa barasa. Da magana ɗaya ta nuna masa irin dokar da mutanenta suke kwana da ita suke tashi. Ta taɓa shiga jam'iyyar kwaminis ma, saboda a lokacin ita ce ke adawa da manufar fifita farar fata, amma ta fice da ta ga suna son su riƙa rubuta mata abin da za ta faɗa.

Ƙuri'ar raba gardama ta 1967 ce ta ba su 'yancin zaɓe?

Mutane da yawa haka suke zato, amma ba haka ba ne. Zaɓen tarayya tun 1962 aka ba su dama, na jihar Queensland kuma a 1965. Abin da aka yi ranar 27 ga Mayu 1967 shi ne gyara wurare biyu a tsarin mulki: a riƙa lissafa su cikin yawan jama'ar ƙasa, kuma gwamnatin tarayya ta sami ikon yi musu doka maimakon a bar su a hannun jihohi kawai. Kashi 90.77 cikin ɗari suka amince.

Waƙoƙin fa? An ce masana sun raina su.

Wasu sun raina. Littafin farko, We Are Going, wato muna tafiya, ya fito a 1964 daga maɗaba'ar Jacaranda a Brisbane, kuma shi ne diwanin waƙa na farko da wata mace Aborijin ta buga. Ya sayar da fiye da kwafi 10,000, abin da mawaƙan Turawan ƙasar ƙalilan suka taɓa samu. Duk da haka wasu masu sharhi suka ce wannan farfaganda ce, ba waƙa ba. Har akwai masu shakkar ko ita ta rubuta da hannunta.

Ba ta musa zargin farfaganda ba. Da gangan take rubutu da kalmomi masu sauƙi da amsa-amo mai kama kunne, don waƙar da za a karanta a taro take yi, gaban mutanen da yawancinsu ba su yi nisa a boko ba. Bahaushen da ya san rubutattun waƙoƙin siyasa na zamanin NEPU da NPC ba zai ga abin mamaki a nan ba. Ban ce duk baitocinta sun tsaya da ƙafarsu ba, akwai waɗanda taken zanga-zanga ne kawai aka jera. Amma waƙar da ta ba littafin suna, inda 'yan tsirarun da suka rage na wata ƙabila suka dawo tsohon wurin ibadarsu suka tarar an mayar da shi juji, ba ta bukatar kowa ya kare ta.

Gaskiya ne ta taɓa zuwa Najeriya?

Ta zo. Tana cikin masu shirya bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, wanda aka yi a Legas a 1977, aka kuma yi hawan dabarsa a Kaduna. A watan Nuwamba 1974, tana komawa gida daga taron shirye-shiryen da ya kawo ta Najeriya, 'yan bindiga Falasɗinawa suka ƙwace jirgin British Airways da take ciki a Dubai, suka karkata shi zuwa Tunis. Kwana uku suna tsare, an kashe fasinja ɗaya Bajamushe. A cikin wannan hali ta sami guntun fensir ta rubuta waƙa biyu a jikin jakar takardar da ake ajiye wa masu amai, ɗaya a kan wani daga cikin maharan.

Me ya mayar da ita tsibiri, kuma yaya zaman ya kasance?

Gajiya da ɓacin rai. Ta tsaya takarar majalisar jiha a 1969 ta faɗi. A 1970 FCAATSI ta rabu kan batun ko 'yan asalin ƙasa ne kaɗai za su riƙe ragamarta, ita kuwa tana ɓangaren masu cewa lokaci ya yi. Ba da jimawa ba ta tattara ta koma Minjerribah, ta zauna a wani ɗan fili da ake kira Moongalba, ma'ana wurin zama.

Ɗakinta irin wanda mota ke ja ne. Nan ta buɗe makarantar da ba ta da aji: yara na zuwa daga birane, baƙaƙe da farare, su kafa tanti su kwana, ta zaga da su daji da bakin ruwa tana nuna musu abin da ake ci da wanda ba a ci, yadda ake kamun kifi, da labaran kakanni. Dubban yara suka ratsa wurin, ban da malamai da ɗaliban jami'a. Tana zane, tana rubuta littattafan yara, tana faɗa da kamfanonin da ke haƙar yashin ma'adinai a tsibirin. Filin kuwa haya ne daga hukuma, ta yi ta neman a mallaka mata shi a ƙasar kakanninta, ba a yi ba.

A 1987 ta mayar da lambar girma ta MBE da Sarauniyar Ingila ta ba ta a 1970, don ƙin bikin cika shekara 200 da saukar Turawa. Ɗanta Vivian ya rasu a 1991. Ita kuma ciwon daji ya ɗauke ta ranar 16 ga Satumba 1993, aka binne ta a Moongalba kusa da shi. Kotun tarayya ta amince da haƙƙin mutanen Quandamooka, waɗanda Noonuccal ke cikinsu, a kan yawancin tsibirin a 2011, haƙar yashin kuma aka daina a ƙarshen 2019.