Cire haƙorin sama ba ya kashe ido

A Kebbi har yau za ka ji ana cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido, kuma wai idan aka yi wa haƙora biyu ko uku aiki a zama ɗaya, jiki ba zai ɗauka ba. Wannan magana ta daɗe tana cutar da mutane.

Jijiyar gani daban take da jijiyar haƙori. Allurar kashe zafi da likita ke yi a dasashi wurin kawai take kashewa, bayan 'yan sa'o'i leɓe ya dawo daidai. Da wannan allurar likita zai iya cire haƙori ɗaya, ya cike ramin na kusa da shi, duk a zama guda. Ga wanda ya taso daga Zuru ko Yauri zuwa Birnin Kebbi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Allurar barci kuwa an fi yi wa yara ƙanana masu ruɓaɓɓun haƙora da yawa, ko wanda ba zai iya zama shiru ba. A asibiti ake yin ta, bayan an bar abinci kamar sa'o'i 6, kuma dole a faɗa wa likita in akwai hawan jini, ciwon suga ko juna biyu.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne ruɓaɓɓen haƙorin da aka bari, ana ta cusa masa kanumfari har kunci ya kumbura. Ruwan mugunyar haƙorin sama yana iya haurawa har kwarmin ido. Wanda kumburi ya kai masa ƙasan ido, ya nufi asibiti a ranar.