Waiwaye: Yadda tsofaffin wasannin kwamfuta suka dawo kasuwa

Duk sanda manyan kamfanonin wasannin bidiyo suka yi taron baje kolin abin da za su fitar, gardama ɗaya ce ke biyo baya. Wasu na cewa basira ta ƙare, an koma tonon tsofaffin akwatuna ana sayar wa mutane ƙuruciyarsu da sabon farashi. Wasu kuma na ƙirga kwanaki, suna jiran ranar da wasan da suka buga suna yara zai dawo da sabuwar fuska. Kowane ɓangare na da abin nunawa. Resident Evil 4 na 2005 ya dawo a 2023, Silent Hill 2 na 2001 ya dawo a 2024. Final Fantasy VII na 1997 kuwa gida uku aka kasa shi, kashi na farko ya fito a 2020, na biyu a 2024.

Inda abin ya fi ɗaukar hankali shi ne wasannin labari da warware matsala, waɗanda ba harbi ko tsere ake yi a cikinsu ba, sai yawo, hira da mutanen cikin wasa, tsintar kaya da haɗa wannan da wancan har hanya ta buɗe. A ƙarshen shekarun 1990 masu sharhi da yawa sun riga sun yi wa wannan nau'i jana'iza. Ga shi yanzu Return to Monkey Island ya fito a 2022, Ken da Roberta Williams, tsofaffin masu ƙera irin waɗannan wasanni, sun dawo bayan dogon hutu da sabon Colossal Cave a 2023, an sake gina Riven a 2024, an yi wa Broken Sword na farko kwaskwarima a wannan shekarar, Amerzone da Syberia kuma suka biyo a 2025. Idan aka tambayi inda farfaɗowar ta faro, yawanci 2012 ake nunawa, shekarar da masu sha'awa suka fara karo-karon kuɗi ta shafin intanet na Kickstarter. A ganina an makara da shekara 11. Abin ya faro ne a 2001, a hannun mutanen da babu mai biyan su ko sisi.

Farkon tarihin sananne ne. A 1976 Will Crowther ya rubuta Colossal Cave Adventure a Amurka, rubutu zalla babu hoto. A 1980 Mystery House ya zo da zane, King's Quest ya biyo a 1984. A 1987 Ron Gilbert da Gary Winnick suka fitar da Maniac Mansion, wanda ya yaɗa salon nuna abu a allo ka danna maimakon ka rubuta umarni. Daga nan aka shiga shekarun albarka: Monkey Island a 1990 da na biyunsa a 1991, Day of the Tentacle da Myst a 1993, Broken Sword a 1996. Myst ya riƙe kambun wasan kwamfutar da ya fi kowanne ciniki har zuwa 2002. Sai dai a wannan 1993 ɗin Doom ya fito, PlayStation ta biyo a ƙarshen 1994, hankalin masu saye ya koma ga gudu da harbi da hoton 3D. Grim Fandango na 1998 ya sha yabo amma cinikinsa bai kai yabon ba. Manyan masu zuba jari a Amurka suka juya wani wajen, ko da yake a Turai wutar ba ta mutu ba, domin The Longest Journey ya fito daga Norway a 1999, Syberia kuma a 2002.

Wannan labarin kasuwa ne, kuma shi kowa ke maimaitawa. Akwai wata mutuwa ta biyu da ba a cika magana a kanta ba, wadda ta fi ta farko haɗari. Daina ƙera sababbin wasanni daban, kasa kunna tsofaffin daban.

An rubuta yawancin waɗancan wasanni ne don DOS, tsohon tsarin gudanar da kwamfuta, a kan faifan fulofi ko CD, kuma suna magana kai tsaye da katunan sauti na zamaninsu irin su AdLib da Sound Blaster. A Oktoban 2001 Windows XP ta fito, ita kuwa ba a kan DOS aka gina ta ba. Mutum zai sa faifan da ya saya da kuɗinsa, wasan ya ƙi tashi, ko ya tashi babu sauti, ko ya riƙa gudu fiye da kima saboda sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfinsa. Ba mugunta kowa ya yi ba. Na'ura ce ta ci gaba, kuma babu wanda aka ɗora wa nauyin tabbatar da cewa abin da aka yi jiya zai kunnu gobe. Littafi zai yi shekara ɗari a kan kanta a buɗe shi a karanta. Wasan kwamfuta kuwa shekara goma ta isa ta mayar da shi faifan banza.

A wannan watan na Oktoban 2001 ne wani matashi ɗan ƙasar Suwidin, Ludvig Strigeus, ya saki wata ƙaramar manhaja mai suna ScummVM. Burinsa bai wuce ya kunna Monkey Island 2 a kan kwamfutar zamani ba. Ba shi da asalin rubutun manhajar wasan, don haka sai ya zauna yana warware injin wasan daga abin da ke kan faifai, yana gano me kowane umarni ke nufi, sannan ya rubuta sabon inji da ke fahimtar umarnin. Vincent Hamm, wanda ke irin wannan bincike a nasa gefen, ya haɗu da shi, wasu suka biyo baya.

Abin da ya sa aikin ya yiwu wata shawara ce da aka yanke tun 1987. Lokacin da ake gina Maniac Mansion, Gilbert da abokan aikinsa sun ƙirƙiro wani tsari mai suna SCUMM, wanda a kansa aka gina Monkey Island 2 ma daga baya, da ya raba wasa gida biyu. Gefe guda akwai labari, hotuna, sauti da dokokin abin da zai faru in an danna kaza. Ɗaya gefen kuma akwai inji mai karanta waɗannan ya nuna su a allo. Kamar kaset ne da rikoda: in rikodar ta lalace, waƙar na nan a kan kaset, sabuwar rikoda kawai ake buƙata. Sun yi haka ne don sauƙaƙa wa marubutan wasa aiki da kuma kai wasa ɗaya kan na'urori daban-daban. Amma sakamakonsa shi ne duk wanda ya iya sake rubuta injin ya buɗe jerin wasanni gaba ɗaya, ba guda ɗaya ba, kuma a kan kowace na'ura.

Akwai ƙa'idoji biyu da masu ScummVM suka riƙe, waɗanda a ganina su ne suka sa aikin ya ɗore. Manhajar a buɗe take, kowa na iya duba rubutunta ya ƙara gyara, don haka tafiyar mutum ɗaya ba ta kashe ta. Strigeus da kansa ya koma wasu ayyukan, shi ne ya rubuta µTorrent daga baya kuma ya yi aiki a kan Spotify, amma ScummVM ta ci gaba. Sannan manhajar ba ta zuwa da wasa ko ɗaya a cikinta. Dole mutum ya kawo fayilolin daga nasa faifan. Wannan ya sa tsohon faifai ya sake yin daraja, kuma ya bar ƙofa a buɗe ga masu mallakar wasannin su shigo ba tare da an ci haƙƙinsu ba.

Sun kuwa shigo. A 2003 kamfanin Revolution Software na birnin York a Ingila ya miƙa wa 'yan sa-kan asalin rubutun Beneath a Steel Sky na 1994, ya kuma saki wasan kyauta. Masu Flight of the Amazon Queen suka saki nasu a 2004. Daga nan ScummVM ta wuce wasannin SCUMM kaɗai, ta zama gidan injuna da yawa, har ta kai ga ɗaruruwan wasanni. Aka kai ta kan Linux da Mac, kan Dreamcast, PSP da Nintendo DS, daga bisani kan wayoyi. A nan aka ga wani abu da masu jana'izar 1998 ba su hango ba, wato wasan nuna-ka-danna ya dace da allon taɓawa fiye da wasan harbi. Revolution ya fitar da Beneath a Steel Sky a iPhone a 2009, Broken Sword kuma a 2010.

Matasanmu da ke buga God of War ko PES ta PPSSPP a wayar Android sun san ɗanɗanon irin wannan aiki, ko da hanyar ta ɗan bambanta. PPSSPP na kwaikwayon na'urar PSP ce gaba ɗaya, ita ma wani ɗan Suwidin, Henrik Rydgård, ya fara ta a 2012. Irin wannan hanyar ta kwaikwayo DOSBox ta bi tun 2002 don wasannin DOS.

A 2008 aka buɗe shagon intanet na GOG daga ƙasar Poland, sana'arsa sayar da tsofaffin wasanni da izinin masu su. Da yawa daga cikin abin da yake sayarwa a naɗe suke cikin DOSBox ko ScummVM. Ma'ana aikin da 'yan sa-kai suka yi shekaru suna yi a ɗakunansu shi ne ya zama abin da ya riƙe shago. Daga nan duk mai riƙe da haƙƙin wani tsohon wasa zai iya gani da idonsa cewa akwai masu biyan kuɗi a kan abin da ya ɗauka ya mutu.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne wasan Blade Runner na 1997. Asalin kayan aikinsa sun ɓace, ya yi shekaru da yawa babu inda ake sayar da shi sabo, kuma kunna shi a kwamfutar zamani sai mai haƙuri. 'Yan ScummVM suka shafe shekaru suna warware injinsa daga faifan CD, suka kammala a 2019, a Disambar wannan shekarar ya koma kasuwa ta GOG. Haka Grim Fandango. Wani reshe na irin wannan aiki mai suna ResidualVM ne ya riƙe shi da rai, har wani mai sha'awa ya ƙara masa sarrafawa da linzamin kwamfuta, abin da ainihin wasan bai zo da shi ba. Da aka tashi fitar da gyararren wasan a 2015, an sa wannan salon sarrafawa a ciki.

Da wannan a zuciya sai a sake duba 2012. A Fabrairun shekarar Tim Schafer, wanda ya jagoranci Grim Fandango, da kamfaninsa Double Fine suka nemi dala 400,000 don yin sabon wasan labari. Kafin kwana ɗaya ya cika an tara kuɗin, a ƙarshe mutum sama da 87,000 suka ba da fiye da dala miliyan 3.3. Broken Sword 5 ya tara sama da dala 770,000 a wannan shekarar. An kira abin ba-zata. Amma ƙauna ba ta yin shekara 14 a kan tuna baya kawai. Masu ba da kuɗin nan ba a raba su da wasanninsu ba, suna iya kunna su duk sanda suka so, suna nuna wa ƙannensu da 'ya'yansu. Karo-karon ya ƙirga su ne kawai. Day of the Tentacle ya dawo a 2016, Full Throttle a 2017, sababbin wasanni Thimbleweed Park da Beyond a Steel Sky kuma suka fito a 2017 da 2020, duk a kan hanyar da aka riga aka share.

Wannan tarihin ne kuma ke bayyana zafin gardamar da ake yi tsakanin masoyan su kansu. Da tsohon wasa ya ɓace, da duk wanda ya kawo sabo godiya zai sha. Amma tsohon na nan, ana iya ajiye su gefe da gefe a gwada zane da zane, murya da murya. Masu gyaran sun fahimci haka da wuri. Monkey Island na farko da aka sabunta a 2009 ya zo da maɓallin da ke juya hoto daga sabo zuwa tsoho nan take, kuma irin wannan maɓalli ya bi Day of the Tentacle har zuwa Broken Sword na 2024. Wanda ya ɗanɗana ɗacin abin shi ne Ron Gilbert. Da Return to Monkey Island ya dawo kan labarin Monkey Island da ya bari tun 1991, ya zaɓi sabon salon zane, wasu suka yi masa ca da zagi tun wasan bai fito ba, har a tsakiyar 2022 ya daina rubutu a kansa a shafinsa. Wasan ya fito a Satumba ya samu karɓuwa. Ina tare da shi a wannan. Tunda an tsare tsohon, ba dole ba ne sabon ya zama hotonsa, kuma mai ƙirƙira na da ikon ya tsufa ya canza hannu.

Masu cewa basira ta ƙare suna da gaskiya ta wani gefe. Ƙera babban wasa yanzu na cin shekaru da maƙudan kuɗi, kuma sanannen suna ya fi sabo sauƙin sayarwa. Amma wasannin da ke dawowa ƙalilan ne. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa a lokacin. Wasannin labari sun yi sa'a ne, saboda tsarin gininsu ya ba da damar ceto kuma an samu masu ceton.

Wasannin yau da yawa ba su da wannan sa'ar. Rabin injinsu ba ya kan na'urar mai wasa, yana can kan wata kwamfuta a intanet, kuma ranar da aka kashe ta babu faifan da wani zai zauna ya warware kamar yadda Strigeus ya yi. ScummVM ta haɗe da ResidualVM a 2020, ta cika shekara 20 a 2021, har yanzu ana ƙara mata wasanni, Revolution kuma ya sanar da Broken Sword na shida a 2023. Wasan ƙwallo ko na harbi da yaro ke bugawa a wayarsa yau, wanda ba ya tashi sai da data, babu wata hanya makamanciyar wannan da za ta kunna masa shi idan ya kai shekara arba'in.