Waiwaye: hodar da ake cewa tana tatso ruwa daga iska

Tun da kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai ta 2025 ta faɗa hannun Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi, zancen hodar da ke tatso ruwa daga busasshiyar iska ya shiga fadodin shayi a Yamai. Wasu na cewa ƴan ga-ruwa su nemi wata sana'a, wasu na cewa tatsuniya ce. Kowane ɓangare na magana kamar jiya aka faro abin.

A 1989 ne Robson, a Melbon ta Ostareliya, ya saƙa jan ƙarfe da sinadarai masu hannuwa huɗu, ya samu ƙwaya mai cike da ramuka. A 1997 Kitagawa ya nuna iska na shiga irin wannan saƙa ta fita ba tare da ta rushe ba. Irin wannan saƙa ta ƙarfe da sinadarai ce ake kira MOF. A 1999 Yaghi ya fito da MOF-5 na tutiya, wanda giram kaɗan nasa ke ɓoye faɗin filin ƙwallo a cikin ramukansa. Maganar tatso ruwa daga iska da hodar MOF ta yi ƙarfi a 2017.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 2014, lokacin da aka cusa ƙarafa har 10 cikin saƙa guda, MOF-74. Cakuɗa ƙarafa na iya canza yadda ƙwayar ke kama iskar kabon ko hanzarta haɗuwar sinadarai. Sai dai a ina kowane ƙarfe ya zauna? Idan aka narkar da hodar aka auna, adadi kawai ake samu, kamar wanda ya san tiyar gero da ta dawa nawa ya zuba a buhu amma bai san ko sun gauraya ko kowanne ya kwanta gefensa ba. Hasken eksire, da aka saba dogara da shi, matsakaici yake bayarwa, kuma da ƙyar yake bambanta kobalt da nikel, masu lamba 27 da 28 a jadawalin sinadarai. Shi ya sa ɗakunan bincike biyu kan iya bin tsari ɗaya su samu hoda mai hali daban.

Dole aka koma ga awon bakan haske da na maganaɗisu, irin su NMR, masu gaya wa mai bincike wane ne maƙwabcin kowane ƙarfe. A 2020 kuma masu bincike a Amurka da Jamus suka fere ƙwayar MOF-74 kamar tsinin allura, suka riƙa ɓalle ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya. Suka ga kobalt da kadmiyam ko dalma wani lokaci a warwatse, wani lokaci a jere bibbiyu ko fiye, gwargwadon zafin da aka haɗa su.

A ganina, nan ya kamata muhawararmu ta tsaya. Ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai zai iya koyon haɗa irin wannan hoda, amma wasu daga cikin awon nan sai da babbar na'urar sinkurotiron mai fitar da hasken eksire mai ƙarfi, wadda babu ko ɗaya a Afirka. Sai a kai samfur Faransa ko Jodan, a jira layi. Hodar da za ta jure ƙurar hunturun Tawa da zafin Afrilu, sai an iya leƙa cikinta kafin da bayan gwaji.