Borin da gogar silinda a injin tsere

Borin shi ne faɗaɗa ramin silinda da na'ura domin ya ɗauki fistan da ya fi na asali kauri. Goga, wadda masu sana'ar ke kira honin, ita ke kai ramin awonsa na ƙarshe. A injin tsere matsi da zafi sun fi na motar hawa nesa ba kusa ba, don haka duk inda ringi, wato zoben da ke kewaye da fistan, bai kwanta daidai a bangon silinda ba, nan ƙarfi ke zurarewa.

Ba a fara borin sai fistan ya zo hannu. Ana auna kowanne a ɗaki mai zafin digiri 20, a yanka ramin, a bar kimanin milimita 0.08 domin duwatsun goga su cinye. Tazarar fistan da bango ta danganta da irin ƙarfensa. A rami mai faɗin milimita 100, fistan zubi kan so milimita 0.025 zuwa 0.05, amma ƙirarren fistan na gaurayen alminiyam mai lamba 2618, da yake yana kumbura sosai in ya ɗau zafi, yakan buƙaci 0.10 zuwa 0.15. Awon da kamfanin fistan ya rubuta shi ne abin bi.

Matakin da bai kamata a tsallake ba shi ne farantin ɗauri. Idan aka ɗaure kan silinda, kusoshinsa suna jan bangon ramin har ya ɗan karkace. Shi ya sa ake ɗaura farantin ƙarfe mai kauri a madadin kan, da irin gaskit da kusoshi da ƙarfin ɗaurin da za a haɗa injin da su, sannan a yi gogar. Ramin da aka goge ba faranti da'ira ne cif a kan teburi, amma da zarar an haɗa injin ya tashi daga da'ira, iska mai matsi ta riƙa sulalewa ƙasa ta gefen ringi.

Goga tana barin zane mai gicciye a bango, galibi a kusurwar digiri 45, wanda ke riƙe baƙin mai. In zanen ya kwanta da yawa, mai ya taru, injin ya riƙa ƙona shi. In ya miƙe da yawa, mai ya zube, ringi ya cinye da wuri.

Tazarar da ake bari tsakanin bakuna biyu na ringin sama a ramin milimita 100 kan kai milimita 0.45, a injin turbo kuwa 0.55 ko fiye, domin in bakunan suka haɗe da zafi sukan ɓalle saman fistan.

Bayan goga ana wanke ramin da ruwan zafi da sabulu da buroshi, domin fetur ba ya fitar da garin dutse. Ana shafawa da farin ƙyalle mai ɗan mai har ya fito ba baƙi.