Waiwaye: Yadda Kano ta cinye ganuwarta da kududdufanta

Duk shekara idan damina ta kankama, daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta, magana ɗaya ce ke dawowa a gidajen rediyon Kano da majalisun unguwa: ruwa ya shiga gidaje, titi ya cika maƙil, katanga ta faɗa wa mutane. Masu bugo waya sai su riƙa ambaton kududdufin da aka cike, da lambatun da aka ɗora shago a kansa, da filin makaranta da aka yanka aka sayar. Wanda bai san garin ba zai ɗauka adawar siyasa ce kawai. Amma ƙorafin ya girmi jam'iyyun da ke jifan juna da shi a yau, kuma tushensa yana cikin yadda aka gina birnin tun farko.

Tarihin sarautar Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa. Da gari ya ƙaru sai Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. A zamaninsa ne kuma aka kafa Kasuwar Kurmi da gidan sarautar da ke ɗauke da sunansa. An sake ƙara ta a ƙarni na 17, zamanin Muhammadu Nazaki. Abin lura a nan shi ne kowace faɗaɗawa tana haɗawa da fili mai yawa wanda ba gini aka nufa da shi ba. Baturen nan Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Magabata sun bar wannan sarari ne domin idan yaƙi ya zo a rufe ƙofa a ci gaba da noma da kiwo, mutanen karkara kuma su sami wurin fakewa. Wani Baturen mai suna Barth da ya zo a 1851 ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, suna ninkawa a lokacin fatauci.

Ganuwa da gidajen birni duk da jar ƙasa aka gina su, kuma ƙasar nan kusa aka haƙo ta. Inda aka ɗebi ƙasar tubali ya zama rami, ramin ya tara ruwan sama ya zama kududdufi. Shi ya sa kusan kowace tsohuwar unguwa take da nata a dā, wasu kuma suka jeru suna bin gindin badala, wato ganuwar. Aikinsu ba ƙarami ba ne. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwatocin unguwa can suke zubawa, kududdufi ya riƙe ruwan, wani ya nitse ƙasa ya ciyar da rijiyoyi, ragowar ya gangara rafin Jakara a hankali. Magina na samun ƙasa da ruwan kwaɓi, masu wanki na wanki, dabbobi na sha, masunta na kama tarwaɗa. Ba wanda ya zana wannan tsari a takarda, amma ya yi wa birnin aiki ɗaruruwan shekaru.

Haka kuma tsakanin birni da ƙauyukan da ke kewaye da shi akwai wata cuɗanya da masu binciken ƙasa suka daɗe suna yabawa. A dā, da rani manoma kan shigo da itace da kara da hatsi a kan jakai, su koma da mangaloli cike da takin birni, wato toka da shara da kashin dabbobi, su zuba a gona. Da wannan ne ƙasar kewayen Kano ta jure noma shekara da shekaru ba hutu, duk da yawan jama'ar da ke kanta. Bolar birni tana da inda za ta.

Zuwan Turawa a 1903 ya kashe amfanin ganuwa na tsaro, aikin gayyar da ake yi na gyaranta bayan damina ya mutu a hankali. Layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, Sabon Gari da Nassarawa suka tashi a waje, Fagge ta bunƙasa. Ƙidayar 1952 ta sami kimanin mutum 130,000, ta 1963 kusan 300,000. A 2006 ƙananan hukumomi takwas na cikin ƙwaryar birni da kewaye, wato Birni da Fagge da Dala da Gwale da Tarauni da Nassarawa da Ungogo da Kumbotso, sun kai kusan miliyan 2.8. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na yanzu ya haura miliyan 4.

Ba a ce ba a yi tunanin tsari ba. An yi wa Kano babban tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya jagoranta. Sai dai jama'a sun riga tsarin gudu. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuɗin man fetur ya shigo, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka jawo ma'aikata, sannan farin farkon shekarun 1970 da na 1984 ya koro mutanen karkara da na maƙwabta zuwa birni. Wannan farin ya yi wata ɓarnar da ba a cika ambata ba. Shekarun ƙarancin ruwa sun sa kwari da fadama da bakin rafi suka zama kamar tudu, mutane suka gina a inda kakanninsu ba za su taɓa kafa tubali ba. Da ruwan sama ya dawo da ƙarfinsa, hanyarsa ta dā ya nema.

Manoman gefen gari su ne suka fara kokawa, kuma su ne aka fi saurin mantawa da su. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, diyyar da ta tanada kuwa ta amfanin da ke kan ƙasa ce, itatuwa da shuka da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Manomin da ya gaji gona kaka da kakanni sai ya wayi gari an kafa duwatsu a cikinta, an ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, bayan 'yan shekaru ya ga ana sayar da fuloti ɗaya a gonar da kuɗin da bai taɓa riƙewa ba. Martanin manoma shi ne su riga gwamnati. Su kira dillali, a ja igiya, a yanka gonar ƙanana-ƙanana a sayar. Awon igiya ke nan, wanda ya haifi unguwanni masu yawa a Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi da Sheka da sauransu, lungu ba ya ɗaukar mota, babu filin makaranta, babu magudanar ruwa, wani wurin ko maƙabarta ba a ware ba. Daga baya gwamnati ta fito da tsarin kashi-mu-raba, a ba mai gona wani kaso na fulotan da aka yanka, amma ƙorafin cewa masu hanya ne ke kwashe na bakin titi bai taɓa yankewa ba. Ana yawan zagin mazauna awon igiya da cewa su suka ɓata gari. Ni ban ga laifin mai ƙaramin ƙarfi da ya sayi inda aljihunsa ya kai ba, tunda filin da aka tsara bai taɓa isa ba kuma ba shi ake ba.

A cikin birni kuwa kududdufai ne suka shiga uku. Da bulo da siminti suka maye gurbin tubali, buƙatar ƙasar gini ta ragu, kududdufi ya rasa masu kula da shi. Takin zamani da ledar da ta cika bola suka rage kwasar takin birni, shara ta rasa mai ɗauka, sai aka mai da bakin kududdufi juji. A nan dole a yi adalci: mazauna unguwanni da dama da bakinsu suka roƙi a cike musu nasu. Sauro ya addabe su, yara na kamuwa da tsargiya, kusan kowace damina sai an ciro gawar yaron da ya je wanka. Uwar da ta rasa ɗa a ruwa ba za a yi mata wa'azin muhalli ba. Abin da malaman nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero da sauran masu kishin muhalli suka daɗe suna faɗa shi ne a yashe, a kewaye, a hana zuba shara da bahaya, a haɗa su da magudanai. Cikewa ta fi sauƙi, kuma tana da riba, domin kududdufin da aka cike fuloti ne a tsakiyar gari. Ana farawa da shara, a bi da tifofin ƙasa, kafin a ankara an sa harsashi. Ruwan da yake kwana a wurin sai ya koma tsakar gidan maƙwabta.

Ita ma Jakara, wadda ta ratsa birni ta gefen Kurmi, ta tashi daga rafi ta zama babbar kwata. An ɗaure ta da kankare, sannan a zangon Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka ɗauko aikin rufe ta a shimfiɗa titin da ake kira Wuju-Wuju a kanta, aikin da ya daɗe bai kammala ba. Can ƙasa kuma rafin Getsi yana kawo mata dagwalon masana'antun Bompai, da wannan ruwan masu lambu ke ban-ruwan latas da kabeji da alayyahu da ke dawowa kasuwannin gari. Mutanen da ke zaune kusa da majemun zamani na Challawa da Sharaɗa sun shekara da shekaru suna kuka da wari da gurɓatar rijiyoyinsu.

Ganuwa ta fi samun masu magana a kanta, ko da yake maganar ba ta cece ta ba. Tun 1959 aka ayyana ta cikin kayan tarihin ƙasa, a 2007 kuma aka sa ta a jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Duk da haka masu ɗibar ƙasa na sassaƙarta, masu gini na hawa kanta, gwamnatoci na fasa ta don titi. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya, hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa da masana suka yi ta Allah-wadai, aka sake gina ƙofar da kayan zamani. Yau a yawancin sassan birni sai dai dattijo ya nuna maka inda badala take a dā.

Rigimar ta kai ƙololuwa a mulkin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, daga 2015 zuwa 2023. An yanka filaye a jikin ganuwa ta titin BUK, wato Jami'ar Bayero, an gina shaguna a kewayen Filin Idi na Ƙofar Mata da jikin makarantu da masallatai, an ba 'yan kasuwa tsohon otal ɗin Daula. Hujjar gwamnati ita ce wuraren sun zama kufai da maɓoyar ɓata-gari, jiha na buƙatar kuɗin shiga, gari kuma na kasuwanci ne. Masu adawa suka ce ana sayar da abin da na kowa ne. A daminar 2022 ruwa ya mamaye Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yaduka na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwar da kansu suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka cusa a kan magudanai da hanyoyin cikin kasuwa.

Abba Kabir Yusuf ya yi yaƙin neman zaɓen gwamna da alƙawarin ƙwato waɗannan filaye, kuma kwanaki kaɗan bayan rantsar da shi a ranar 29 ga Mayun 2023 motocin rusau suka fita. An rushe gini a Filin Sukuwa, da na Daula, da shagunan Filin Idi, har da shataletalen gaban gidan gwamnati. Wasu suka yi murna, wasu suka yi asarar jarin rayuwarsu alhali suna riƙe da takardun da wata gwamnatin ta ba su. A Satumbar shekarar Babbar Kotun Tarayya ta umarci jihar ta biya masu shagunan Filin Idi naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3.

Abin da ya fi damuna a wannan zango shi ne yadda siyasa ta haɗiye ƙorafin. Wanda ya ce kada a cike kududdufi a 2020 an ce ɗan adawa ne, wanda ya ce a bi doka wajen rusau a 2023 shi ma an ce ɗan adawa ne. A tsakanin masu rabawa da masu rushewa ba a ji wanda ya tsaya ya lissafa kududdufai nawa suka rage, ya sa musu dokar da gwamna mai zuwa ba zai iya ketawa da sa hannu ɗaya ba. Ikon da dokar 1978 ta bayar yana nan yadda yake, a hannun mutum ɗaya, ko wane ne shi.

Akwai kuma masu cewa matsalar duk yawan jama'a ce, haihuwa da baƙi sun yi wa garin yawa. Gaskiya ne mutum miliyan 4 ba za su zauna yadda 30,000 suka zauna ba, kuma kowane ango yana neman ɗaki. Amma yawan jama'a bai sa hannu a takardar filin makaranta ba, bai ba da izinin ɗora bene a kan lambatu ba. Yawancin abin da aka gina a jikin ganuwa da Filin Idi shaguna ne da rukunin kantuna, ba gidajen masu neman matsuguni ba. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina a bayan gari kuwa farashinsu ya fi ƙarfin mai awon igiya.

Yanzu fagen rigimar ya koma gefen gari, inda birni ke cin gonakin Ungogo da Kumbotso da Gezawa da Dawakin Kudu. A farkon Fabrairun 2025 aka shiga Rimin Zakara a ƙaramar hukumar Ungogo da motocin rusau, a kan wata tsohuwar taƙaddamar fili tsakanin mazauna ƙauyen da Jami'ar Bayero. Jami'a na cewa filinta ne da aka mallaka mata shekaru da dama da suka wuce, mutanen gari na cewa nan aka haifi iyayensu kuma ba a sallame su yadda ya kamata ba. An yi arangama da jami'an tsaro, an rasa rayuka.