Idan aka zargi fasto da laifi, yaya ikilisiya za ta yi?

Yawanci maganar ba a bagade take fara fitowa ba. A ƙofar majami'a ake fara jin ta bayan sujada, ko a taron zumuntar mata, ana raɗa: an ce kuɗin gini sun yi ƙafa, an ce an ga Baba Fasto da wata yarinyar ƙungiyar mawaƙa. Kafin mako ya zagayo ikilisiya ta rabu biyu. Ga tambayoyin da aka fi yi a irin wannan lokaci.

Ba an ce kada a taɓa shafaffe na Ubangiji ba?

An ce, a Zabura 105:15. Amma a karanta ayoyin da suka gabace ta. Ana maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, Allah yana kashedin sarakuna kada su cuce su. Ayar tana kāre marasa ƙarfi daga masu iko. Mu kuwa mun juya ta, mun mai da ita garkuwar mai iko a kan maras ƙarfi.

Dauda shafaffe ne, babu musu, amma annabi Natan ya shiga fadarsa ya faɗa masa ido da ido cewa shi ne mutumin, a kan maganar Batsheba da Uriya. Bitrus manzo ne, Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a a Antakiya, labarin yana Galatiyawa 2. Eli kuma, wanda ya san abin da 'ya'yansa Hofni da Finehas suke yi da hadayu da matan da suke hidima a ƙofar alfarwa, bai hana su da gaske ba, hukunci ya faɗa wa gidansa duka.

To duk wanda ya kawo ƙara sai a karɓa ke nan?

A saurare shi, i. A yanke hukunci da bakinsa kaɗai, a'a. A 1 Timoti 5:19 Bulus ya ce wa Timoti kada ya karɓi ƙara a kan dattijon ikilisiya sai da shaidu biyu ko uku. Akwai dalili. Wanda yake gaba ba ya rasa maƙiya: wanda aka hana kujerar ma'aji, wanda aka sa a horo bara, dangin da suke so a kawo ɗan garinsu. Yusufu ya sha kurkuku a kan ƙaryar matar Fotifar, Nabot ya rasa ransa da gonarsa ta bakin shaidun ƙarya biyu. Don haka "ruwa ba ya tsami banza" ba hujja ba ce. Wani lokaci da gangan ake tsamar da shi.

Sai dai masu son aya ta 19 sukan rufe littafin kafin su kai ta 20 da 21, inda aka ce masu ci gaba da zunubi a tsawata musu a gaban kowa don saura su ji tsoro, a kuma yi haka ba tare da son zuciya ko tara ba.

Laifin da aka yi a ɗaki, ina za a samo shaidu biyu?

Nan ne ikilisiyoyi da yawa suke faɗuwa, don haka bari mu daɗe a kai. Mai lalata da yarinya ba ya gayyatar dattawa su zo su gani. Idan aka ce sai mutum biyu sun gani da idonsu, to an ba kowane mugu lasisi, muddin ya iya rufe ƙofa.

Dokar shaidu biyu ko uku daga Maimaitawar Shari'a 19:15 ta fito. Ayoyin da ke biye sun yi maganar mutum ɗaya da ya tashi da ƙara, ba a kuma ce a kore shi ba. An ce a kai su biyun gaban firistoci da alƙalai, su bincika sosai, idan aka tarar ƙarya ya yi a hukunta shi. Wato ƙarancin shaidu yana hana yanke hukunci da gaggawa, amma ba ya hana bincike. A sura ta 22 ma an kawo misalin budurwar da aka yi wa fyaɗe a jeji, inda babu mai jin kukanta, shari'a kuma ta tsaya a bayanta.

Shaida ba mutum mai ido kaɗai ba ne. Saƙonnin waya shaida ne. Takardar asibiti shaida ce. Bayanan asusun banki da littafin baiko shaidu ne. Matar da yarinyar ta fara gaya wa tun ranar da abin ya faru, ita ma tana da abin faɗa. Sau da yawa kuma, da zarar an buɗe ƙofa an saurari mutum ɗaya da mutunci, sai na biyu da na uku su fito, waɗanda suka yi shekaru suna zaton su kaɗai ne.

Matiyu 18 ya ce a fara samun mutum shi kaɗai. Ba haka za a yi ba?

Idan tsakanin 'yan'uwa biyu ne, wani ya ɓata wa wani rai, haka za a yi. Amma a ce wa yarinya 'yar shekara 14 ta koma ita kaɗai wurin wanda take zargi, wanda shi ne ya yi mata baftisma, shi ne iyayenta suke durƙusa wa, wannan ba biyayya ga Nassi ba ne, mai da akuya bakin kura ne. A wannan sura ɗin dai, aya ta 6, Yesu ya yi maganar dutsen niƙa a wuyan wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe.

Wa ya kamata ya yi binciken?

Ba wanda ake zargi ba, ba kuma waɗanda abincinsu yake hannunsa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan fasto ne shugaban majalisar dattawa, sai ya bar kujerar har a gama. Ikilisiyoyin da suke da matakai, kamar ECWA mai majalisun LCB (ta ikilisiya ɗaya) da LCC (ta rukunin ikilisiyoyi) da DCC (ta gunduma), ko Angilikan mai dayosis da bishop, suna da inda za a ɗaga magana sama, kuma gara a ɗaga da wuri. Inda wahala take ita ce cocin da mutum ɗaya ya kafa, shi ne mai fili, shi ne mai sa hannu a banki, matarsa ce mataimakiya. A can sai dai a nemo dattawa daga waje.

A cikin kwamitin a sa mata, musamman idan mace ce ta kawo ƙara. A rubuta kome, da kwanan wata. A saurari kowane ɓangare dabam, a ba wanda ake zargi cikakkiyar dama ya kāre kansa, gama Karin Magana 18:17 ta ce wanda ya fara kai ƙara kamar shi ne mai gaskiya, sai abokin shari'arsa ya zo ya yi masa tambayoyi.

A dakatar da shi kafin a gama?

Idan zargin mai nauyi ne, i, a kuma bayyana wa jama'a cewa dakatarwa ba hukunci ba ce. A ci gaba da ba shi albashinsa, amma ya sauka daga bagade, ya miƙa makullai da littattafan kuɗi.

Me zai hana a yi masa canjin wurin aiki kawai, a rufa wa ikilisiya asiri?

Wannan ita ce hanyar da ta fi sauƙi, ita ce kuma ta fi ɓarna. A dubi labarin John Smyth, wani babban lauya a Ingila da yake shugabantar sansanonin bishara na matasa. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 ya riƙa yi wa samari mugun duka a wani ɗaki a bayan gidansa, da sunan horon ruhaniya. A 1982 wasu limamai sun bincika, sun rubuta rahoto, sun san gaskiya. Ba su kai wa 'yan sanda ba. A 1984 ya koma Zimbabuwe ya buɗe wasu sansanonin, ya ci gaba da cutar yara, daga baya ya wuce Afirka ta Kudu inda ya mutu a 2018 ba a taɓa hukunta shi ba. Rahoton bincike mai zaman kansa da ya fito a Nuwamba 2024 ya ce waɗanda ya cuta sun haura 100. Bayan 'yan kwanaki Akbishop na Kantabari, wato babban limamin Cocin Ingila na lokacin, Justin Welby, ya sanar da murabus ɗinsa, domin tun 2013 magana ta iso ofishinsa ba a bi ta yadda ya kamata ba.

Waɗanda suka yi shiru a 1982 suna ganin sunan aikin Ubangiji suke kārewa. 'Ya'yan Afirka ne suka biya kuɗin shirun. A wurinmu ba sai an haye teku ba: a ɗauke mutum daga birni a kai shi wata ikilisiyar ƙauye, ba a gaya wa dattawan can kome ba, su tarbe shi da kaji da doya.

Kai magana wurin hukuma bai saɓa wa 1 Korantiyawa 6 ba?

Bulus yana maganar ƙananan rigingimu ne tsakanin masu bi, irin na dukiya da cuta a ciniki. Shi ɗin ne kuma ya rubuta a Romawa 13 cewa mai mulki bawan Allah ne don hukunta mai mugunta. Fyaɗe da lalata da yara laifuffuka ne a dokar ƙasa. A Najeriya akwai Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, jihohi da dama kuma sun yi nasu. Majalisar dattawa tana iya hana mutum Jibin Ubangiji, tana iya karɓe masa aikin fasto, amma ba kotu ba ce. A kai yarinya asibiti da wuri, a sanar da hukuma, ikilisiya ta yi nata horon a gefe.

In maganar kuɗi ce fa?

Wannan ta fi sauƙin warwarewa, tunda lissafi ba ya jin kunyar kowa. A kawo mai binciken kuɗi daga waje. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, a 2 Korantiyawa 8 ya tafi da 'yan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi.

Idan ya tuba, zai koma bagade?

Gafara dabam, riƙon amana dabam. Wanda ya tuba da gaske ana karɓarsa cikin zumunci, ya zauna a kujerar baya har horonsa ya cika. Amma 1 Timoti 3 ta ce mai kula da ikilisiya ya zama marar abin zargi, mai kyakkyawar shaida har a wurin waɗanda ba masu bi ba. Hawaye a gaban jama'a ranar Lahadi ɗaya ba ya maido da wannan. A ganina, wanda ya taɓa yara ba ya sake riƙe aikin da zai haɗa shi da yara, ko bayan shekara nawa.

Idan kuma bincike ya wanke shi, a faɗa daga bagade da murya ɗaya da aka sanar da dakatarwar, a mai da shi aikinsa. Wanda aka tabbatar ya ƙaga ƙarya da gangan, shi ma horo ya hau kansa. Amma a lura, rashin isasshiyar hujja ba ya nufin mai ƙara maƙaryaciya ce, ba a sa ta a horo don kawai ba ta iya kawo shaida ba.

Wa ake mantawa da shi a duk wannan?

Mutum biyu. Na farko wadda ta kawo ƙarar, wadda sau da yawa ita ce take barin garin, ana nuna iyayenta da baki a kasuwa. Tana bukatar wata dattijuwa da za ta tsaya tare da ita, da kuɗin magani, da wanda zai riƙa gaya mata inda aka kwana. Ta biyu Mama, matar fasto, da 'ya'yanta, waɗanda gidan da suke ciki na ikilisiya ne. Dattawa su zauna su tsai da shawara a kan inda za su koma da kuɗin makarantar yaran tun kafin a karɓi makullin gidan.